Shiga Daban, Dacewa Daban: Tambayoyinku a Kan Mariƙi da Haƙoran Injin Milin

Wasiƙun da suka shigo wannan filin a watan nan kusan duk a wuri ɗaya suka haɗu: an sayi kayan yanka, an kai shago, sun shiga inji, amma aiki ya ƙi kyau. Don mu fahimci juna, sifindil shi ne sandar da ke juyawa a kan inji. Mariƙi shi ne ƙarfen da ake cusawa a bakinta don ya riƙe abin yanka. Tefa ita ce tsukewar nan mai siffar mazurari da ke jikin mariƙi. Haƙori kuma shi ne ɗan guntun kabaid da ake ɗaurewa da sukuru, wanda wasu ke kira insat. Kabaid ɗin nan na tongistin ne, ba shi da wata alaƙa da farin dutsen da masu walda ke jiƙawa da ruwa.

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na sayi tsohon injin milin na hannu, ɗan gwanjo daga Turai, an rubuta ISO 40 a jikinsa. Na sayo mariƙai masu lambar BT40. Sun zauna daram a bakin sifindil, amma dogon notin da ke jan su daga sama bai kai gare su ba. An cuce ni ne? Daga wani mai shago a Sharaɗa, Kano.

Amsa: Malam, ba a cuce ka ba, 'yan gida ɗaya ka haɗa waɗanda ɗakinsu daban. Mariƙan da ake kira NT40 ko ISO 40, da BT40 na tsarin Japan, da SK40 na Jamus, da CAT40 na Amurka, duk tefarsu ɗaya ce, 7 cikin 24, kuma faɗin babban bakin tefar milimita 44.45 ne. Shi ya sa naka ya zauna. A lamba 30 faɗin 31.75 ne, a lamba 50 kuma 69.85. Bambancin yana wutsiya da kafaɗa.

Injinka an yi shi ne don NT40, wanda ke da wata miƙaƙƙiyar wutsiya a bayan tefa, kuma a cikinta notin ja ke ɗaurewa. BT40 ba shi da wannan wutsiya, domin an ƙera shi don injin kwamfuta mai canja kaya da kansa. Tazarar ta kai kusan milimita 28, ita ce notinka ya rasa. Mafita biyu ce. Ko ka sa a yanka maka sabon notin ja mai tsawo da ƙarfe mai ƙwari, ko ka nemi ɗan guntun da ake ɗaurawa a bayan BT40 ya maye gurbin wutsiyar. Mun fi son ɗan guntun, saboda zai bar ka ka ci gaba da amfani da tsofaffin mariƙanka ba tare da sauya noti kullum ba. Ko wanne ka zaɓa, tabbatar notin ya shiga aƙalla milimita 24, wato faɗinsa sau ɗaya da rabi. In zagaye uku ko huɗu kawai ya kama, ranar da aka ci yanka mai nauyi tiredin, wato zaren noti, zai tsige, mariƙi ya faɗo yana juyawa.

Sai ka duba tiredin kansa kafin ka sa sifana. BT40, SK40 da NT40 na Turai M16 ne, tazarar zarensa milimita 2. CAT40 da NMTB40 na Amurka kuwa inci 5/8 ne mai zare 11 a kowane inci, wato faɗin 15.875 da tazara wajen 2.3. Ido ba ya raba su. Notin Amurka zai shiga ramin M16 zagaye biyu lafiya lau, sannan ya cije. Mai gaggawa sai ya ƙara ƙarfi, ya lalata noti da mariƙi gaba ɗaya. Noti mai dacewa da hannu yake tafiya har ƙarshe.

Abu na ƙarshe shi ne maƙullan nan biyu da ke fuskar sifindil, waɗanda ke shiga tsagin kafaɗar mariƙi su juya shi. A BT40 tsagin biyu zurfinsu ɗaya, don haka ba za ka sha wahala ba. A SK40 da CAT40 ɗaya ya fi ɗaya zurfi, kuma maƙulli kan iya dafe gajeren tsagin ya hana tefa zama. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne shuɗin awo: shafa shi siriri a jikin tefa, cusa mariƙin, matsa kaɗan, ciro. In shuɗin ya taɓa ko'ina, musamman wajen babban baki, ya zauna. In ƙaramin bakin kawai ya taɓa, mariƙin zai riƙa rawa a wurin yanka komai ɗaurin da ka yi masa. Wajen cirewa kuma, sassauta notin zagaye biyu ko uku, ka buga kansa da gudumar tagulla, sannan ka ƙarasa kwancewa hannunka ɗaya na riƙe da mariƙin.

Ga masu injin kwamfuta da ke karanta wannan: NT40 ba ya aiki a naku sam, don ba shi da kwarmin da hannun canja kaya ke kamawa. Kuma ɗan ƙullutun da ake ɗaurawa a bayan mariƙi yana zuwa da kusurwa 45, 60 ko 90, ko da duk BT40 ne. Littafin injin ne zai faɗi wanda ya dace. Sa wani daban yana cinye faratan da ke cikin sifindil.

Tambaya: Maigida, ni ɗan koyo ne. A shagonmu da cok ɗin diril muke riƙe en-mil, kuma yakan sulluɓe ya nutse cikin aiki. Me ya kamata mu saya? Daga Panteka, Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, ku daina tun yau. Cok ɗin diril an yi shi ne don ƙarfin da ke turawa sama tsaye. En-mil kuwa, wato abin yanka mai kama da bakin diril, gefe yake ci, kuma murɗaɗɗen bakinsa jan kansa yake yi ƙasa. Haƙoran cok uku ba sa iya kama santsin jikin kabaid, sannan shi kansa cok ɗin a kan 'yar tefa yake zaune ba noti, irin B16 ko JT33, girgizar gefe na iya sako shi.

Ku sayi mariƙin kolet na ER32 mai tefar da ta dace da injinku, da jerin kolet ɗinsa, wato 'yan tsagaggun ƙarafan da ke matse abin yanka idan an ɗaura noti. Yana riƙe har milimita 20. ER25 yana tsayawa a 16, ER40 ya kai 26. Kowane kolet milimita 1 kawai yake matsewa, don haka mai lamba 12 na riƙe daga 12 zuwa 11. En-mil mai rabin inci 12.7 ne, kolet 13 yake so, kada a tura shi cikin 12 da ƙarfi. Kuskuren da ya fi kashe kolet shi ne jefa shi cikin mariƙi sannan a ɗora noti. Cikin notin akwai wani karkataccen zobe. A fara karkata kolet a danna shi cikin noti har ya yi ƙas, fuskarsa ta daidaita da ta notin, sannan a ɗaura, a sa en-mil ya shiga aƙalla kashi biyu cikin uku na tsawon kolet. Ɗaurin ER32 a manyan kolet ya kai wajen Nm 136 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗa noti ne), wanda ya fi abin da yawancin mutane ke zato, kuma rashinsa ne ke sa abin yanka zamewa. In aikin cin danye ne mai nauyi, mariƙin Weldon mai sukuru a gefe ya fi aminci, muddin en-mil ɗin na da shafaffen gefen da sukurun zai danna.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da kan yanka, wato ƙarfen da ake ɗaura haƙora a jikinsa, mai faɗin milimita 25 da aka rubuta BAP300R. Haƙoransa sun ƙare, mai kaya ya ba ni APKT1003 ya ce duk ɗaya ne. Sukuru ya shiga amma haƙorin na motsi. Yaya ake karanta waɗannan haruffa? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, mayar masa da su. BAP300R haƙorin APMT1135 yake ɗauka, babban wansa BAP400R kuma APMT1604. APKT1003 ya fi guntu, gurbinsa daban ne. Haruffan ba ado ba ne, ƙa'idar ISO 1832 ce, kuma wanda ya iya karanta su ba ya dogara da bakin mai kaya.

Ɗauki APKT1604PDER. Harafin farko siffa ce: A doguwar murabba'a ce karkatacciya mai kusurwa 85, S murabba'i, T mai kusurwa uku, R zagayayye. Na biyu shi ne yadda gefen haƙori ya janye baya don kada ya goga aiki: N sifili, C digiri 7, P 11, D 15, E 20. Nan mutane ke faɗawa, domin RPMT1204 da RDMT1204 faɗinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, amma gefen ɗaya digiri 11 ne, ɗaya 15. Sa ɗaya a gurbin ɗaya, sai ya jingina da bango a kan layi guda siriri maimakon duk gefensa. Na uku daidaiton ƙira ne: a ajin M kauri na iya kaucewa da milimita 0.13 sama ko ƙasa, a ajin K kuwa 0.025 kacal. Na huɗu rami ne da fuska: T na nufin akwai ramin sukuru mai buɗaɗɗen baki da kwarmin karya ɓarza a fuska ɗaya, N kuma babu rami sam, da ƙarfen matsi ake kama shi, kamar SEKN1203 da TPKN2204 na tsofaffin kawuna.

Lambobi biyun farko tsawon baki ne, 16 wato wajen milimita 16. Biyun da ke biye kauri ne, kuma ba yadda aka rubuta yake ba, don asalinsa daga inci aka juyo: 03 na nufin 3.18, T3 na nufin 3.97, 04 na nufin 4.76. PD na gaya maka haƙorin na yanka kusurwa 90 ne, AF kuma na kan yanka mai 45, kamar SEKT1204AFTN. Sai yanayin kaifi: F kaifi tsantsa, E an ɗan dakushe shi da gangan don ya jure ƙarfe, T an yi masa 'yar shafa, S an haɗa biyun. R dama, L hagu, N kowane ɓangare.

Amma ga inda ƙa'idar ke da giɓi, kuma ya kamata ka sani. A haƙoran injin juya ƙarfe irin CNMG, na kowane kamfani na shiga mariƙin kowa. A na milin ba haka abin yake ba kullum. Haƙora masu siffar A na kamfanoni biyu na iya ɗaukar lamba ɗaya alhali faɗinsu ko ramin sukurunsu ya ɗan saɓa. Wasu kuma na gida ɗaya ne ƙwal, kamar R390 na Sandvik da ba ya zama sai a kan CoroMill 390. Saboda haka je kasuwa da kan yankan a hannu, da tsohon haƙori guda, da ma'aunin baniya. Ɗora sabon a gurbi babu sukuru, danna da yatsa, ɗaga wa haske. In ka ga haske a ƙarƙashinsa ko tsakaninsa da bangon gurbi, bai dace ba. Leƙa ramin kuma: a gurbi mai kyau ramin tiredi yana ɗan kaucewa zuwa bango, ba ya tsakiyar ramin haƙori daidai. Da gangan aka yi haka, don kan sukuru ya ja haƙorin ya manna shi da bango yayin ɗauri.

Sukurun ma kaya ne mai ƙarewa. Na APMT1135 M2.5 ne da makullin tauraro T8, ɗaurinsa bai wuce wajen Nm 1.2 ba, wato ƙarfin yatsu. Na 1604 M4 ne da T15, wajen Nm 3. Ɗiga masa man hana cijewa, goge gurbi tas kafin sa haƙori, domin ɓarza guda a ƙarƙashi ta isa ta ɗaga haƙori ɗaya ya riƙa cin aikin sauran shi kaɗai.

Tambaya: Injiniya, injina irin Bridgeport ne, tefar R8, mota doki 2. Na sa kan yanka 63 mai haƙora huɗu, ina cin ƙarfe mai laushi a juyi 300, a hankali nake turawa, ina ɗiga ruwa. Haƙoran ba sa kai awa guda sai su ɓantare. Jabu ne? Daga Zariya.

Amsa: Zai yiwu akwai jabu a kasuwa, amma abin da ka lissafa ya isa ya kashe haƙori na asali. Mu yi lissafi. Juyi a minti shi ne gudun yanka sau 1000, a raba da faɗin kai sau 3.14. Juyi 300 da kai mai faɗin milimita 63 na ba da gudun mita 59 kacal a minti. Wannan ya fi kusa da gudun HSS, wato abin yanka na ƙarfe mai tauri wanda ba kabaid ba. Kabaid mai rufi a ƙarfe mai laushi yana son mita 150 zuwa 200. A ƙasa da haka ƙarfe na liƙewa a bakin haƙori, in ya ɓalle sai ya tafi da guntun kabaid. A mita 180 juyinka wajen 900 ne.

Turawa a hankali kuma ba tausayin haƙori ba ne. Bakin E dama a ɗan dakushe yake, in ba ka ba shi abin da zai kama ba sai ya yi ta guga yana zafi. Ba kowane haƙori milimita 0.12: sau haƙora 4, sau juyi 900, tebur zai yi tafiyar milimita 432 a minti. Ɓarza ta fito da kauri, kalar ruwan ƙasa ko shuɗi, ita ce ke ɗauke zafin.

Yanzu ga iyakar injinka. Zurfin milimita 2, faɗin 45, a wannan tafiya, na cin wajen kilowat 1.6 a bakin yanka, kusan 2 a mota. Doki 2 kuwa kilowat 1.5 ne. Ka rage zurfi zuwa milimita 1, ko ka koma kai mai faɗin 50. A ganinmu 50 shi ne abin da R8 ke ɗauka cikin kwanciyar hankali a ƙarfe. Don shafe fuska zaɓi kai mai kusurwa 45: yana sirantar da ɓarza zuwa kashi 0.71 na turawa, yana shiga aiki a hankali, kuma yana mai da wani ɓangaren ƙarfin sama cikin boris ɗin sifindil maimakon ya lanƙwasa shi gefe. Mai 90 a bar shi don kafaɗa da bango.

Ruwan da kake ɗigawa ka ɗauke shi. Haƙorin milin yana shiga aiki ya yi zafi, ya fito ruwa ya kashe shi, sau ɗari tara a minti. Sakamakon shi ne 'yan tsaga a jere kamar haƙoran mataji a bakinsa, daga nan sai ɓantarewa. Ƙarfe da kas, wato zubabben ƙarfe, a bushe ake cin su, iska ta kore ɓarza. Mai da hannun diril sama ka kulle shi, ka kulle duk hanyar teburin da ba ka amfani da ita. Kada tsakiyar kai ta hau tsakiyar aiki, kautar da ita kaɗan, faɗin aiki ya zama wajen kashi 70 cikin 100 na faɗin kai. In sukurun tebur ya yi lako-lako, tura aiki ya fuskanci juyin haƙori, don in suka bi hanya ɗaya kai zai fizgi tebur ya ɗebi abin da ya fi ƙarfinsa.

Duba bayan kwalin kuma. Shuɗi mai P na ƙarfe ne, rawaya mai M na sitenles, ja mai K na kas, kore mai N na alminiyom da tagulla. Ƙaramar lamba ta fi tauri amma tana saurin karyewa, babba ta fi jure duka. Tsohon inji mai girgiza P30 ko P40 yake so, P10 ba za ta daɗe a kansa ba. Juya haƙori da zarar cinyewar gefensa ta kai wajen milimita 0.3.

Tambaya: Malam, ina shafe fuskar tof silinda na alminiyom, amma yana fitowa da zane-zane, wani lokaci tsakiya ta lotsa. Daga wani mai gyaran inji a Katsina.

Amsa: Matsala biyu ce. Zanen daga haƙori yake. Na ƙarfe mai rufi da dakusasshen baki yana tura alminiyom ne, shi kuma ya danƙare a bakin ya yi ta karce fuska. Nemi mara rufi, mai ƙyalli kamar madubi, mai harafin F, irin APKT1604PDFR, ka riƙa fesa ɗan kananzir. A yankan ƙarshe haƙori ɗaya ya fi huɗu, don ba wanda zai fi wani tsawo. Da kai mai haƙori ɗaya da ke share milimita 200, juyi 600 da tafiyar milimita 60 a minti da zurfin 0.05 zuwa 0.1 na ba da fuska mai santsi, wadda gasket ɗin ƙarfe mai falle-falle ke buƙata. Lura da tsofaffin injinan dizal masu 'yan ƙoƙunan ƙarfe da aka dasa a fuskar, waɗannan za su ɓantare haƙorin alminiyom nan take.

Lotsawar kuwa kan injin ne ya karkata. Ɗaura agogon awo a sifindil, zagaya shi a kan tebur a faɗin da'irar da kake yankawa, daidaita har bambancin hagu da dama ya sauka ƙasa da milimita 0.02. Kafin ka ci komai, auna tsayin tof ɗin ka gwada da mafi ƙarancin da kamfanin motar ya yarda.

Tambaya: Na sayi kan yanka 80, ya shiga sandarsa amma yana da ɗan wasa. In naɗa masa takardar gwangwani? Daga Kumasi.

Amsa: Kada ka naɗa. Kai mai faɗin 80 na tsarin mita raminsa 27 ne, kuma da alama sandarka ta inci ɗaya ce, 25.4. Wasan milimita 1.6 ke nan, wanda zai sa haƙori ɗaya ko biyu su ɗauki dukan yankan. Kai 50 da 63 ramin 22 suke da shi da notin M10, 80 na da 27 da M12, 100 na da 32 da M16. Sayi sanda mai lambar FMB27 a kan tefar injinka, mafi guntu da za ta kai wurin aiki. Bayan ka ɗaura, sa agogon awo a bakin haƙoran ɗaya bayan ɗaya kana juya sifindil da hannu. In wani ya fi sauran da abin da ya wuce milimita 0.05, kwance shi, goge gurbin, sake ɗaurawa, sake aunawa.